Filin Jirgin Saman Cardiff: Dalilin Da Kamfanoni Ke Zuwa Da Ɗoki Su Tafi Ba Sallama

Filin jirgin sama, komai girmansa da kyan gininsa, ba shi da jirgin fasinja ko ɗaya nasa na kansa. Abin da ya mallaka shi ne titin sauka da tashi, da zauren fasinjoji, da hasumiyar masu ba jirage umarni, da motocin kashe gobara, kuma dukkansu a kafe suke wuri guda, alhali jiragen da ke kawo masa kuɗin shiga mallakar wasu kamfanoni ne waɗanda za su iya kwashe su su kai wani gari cikin 'yan makonni, muddin lissafi ya nuna musu can ya fi riba. Manyan filaye irin su Heathrow na Landan ba su cika jin zafin wannan ba, domin kamfanoni ne ke bin layi suna neman gurbin sauka a cikinsu. Ƙananan filayen yankuna su abin ya fi shafa, kuma da wuya a samu misalin da ya fito da lamarin fili kamar filin jirgin saman Cardiff, babban birnin Wales a Birtaniya, wanda cikin shekaru ashirin da 'yan kai ya tarbi manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, ya kuma yi musu rakiya ɗaya bayan ɗaya.

Filin yana Rhoose, kimanin kilomita 19 kudu maso yammacin birnin, dab da gaɓar teku, kuma shi kaɗai ne ke jigilar fasinjoji zuwa ƙasashen waje a duk faɗin Wales mai mutane miliyan uku da 'yan kai. A shekarar 2007 fasinjoji kimanin miliyan 2.1 suka bi ta cikinsa, adadin da bai taɓa kaiwa ba kafin nan, bai kuma sake kaiwa ba tun daga lokacin. Zuwa 2012 adadin ya zube zuwa miliyan ɗaya da ɗan ɗori, ya farfaɗo zuwa kimanin miliyan 1.65 a 2019, sannan annobar korona ta durƙusar da shi, har ya zama a 2022 da 2023 da 2024 bai kai miliyan ɗaya ba a kowace shekara. Duk hawa da saukar da ke cikin waɗannan alkaluma, in aka bi diddigi, za a tarar da sunan wani kamfanin jirage guda a bayanta.

Bunƙasar farko kamfanin bmibaby ne ya kawo ta, wani kamfani mai arhar tikiti da ya kafa mazauni a Cardiff a 2002. Ya kamata a tsaya a fahimci abin da mazauni ke nufi a wannan harka, domin a kansa labarin duka ya rataya. Idan kamfani ya kafa mazauni a wani fili, jiragensa a nan suke kwana, matuƙansa da ma'aikatan cikin jirgi kuma a garin suke zaune da iyalansu. Jirgin da ya kwana a Cardiff zai iya tashi da ƙarfe shida na safe zuwa Malaga a ƙasar Sifaniya, ya dawo da tsakar rana, ya leƙa Edinburgh ya komo da la'asar, ya sake yin wata tafiyar kafin dare ya raba, ta yadda jirgi guda zai ciyar da hanyoyi uku ko huɗu a yini ɗaya, mutanen gari kuma su samu tashin sassafe da dawowar dare, lokutan da ɗan kasuwa mai son zuwa taro ya kwana gida ya fi buƙata. Jirgin da ke zuwa daga wani mazaunin kuwa yakan iso da hantsi ko da rana tsaka, ya sauke fasinja, ya ɗebi wasu, ya juya cikin abin da bai wuce sa'a guda ba, kuma hanya ɗaya tak yake yi wa filin hidima. Saboda haka idan aka rufe mazauni, hanyoyi da dama ne ke mutuwa a rana guda, tare da ayyukan yi da cinikin wurin ajiye motoci da na kantunan cikin fili.

Tun kafin a kai ƙololuwar 2007 alamun rauni sun fara bayyana. A 2006 ƙaramin kamfanin Air Wales ya daina jigilar fasinjoji, a shekarar ce kuma Ryanair ya janye jirginsa na Dublin bayan saɓani da mahukuntan filin a kan kuɗin sauka. A watan Agustan 2008 kamfanin Zoom, wanda ke haɗa Cardiff da Kanada, ya durƙushe a daidai lokacin da farashin man jirgi ya yi tashin gwauron zabi, tattalin arzikin duniya kuma ya shiga masassara. Daga nan bmibaby ya dinga rage jirage, har ya rufe mazauninsa a ƙarshen bazarar 2011, shi kansa kamfanin kuma aka rufe shi baki ɗaya a shekarar da ta biyo baya. Cikin shekaru biyar filin ya rasa rabin fasinjojinsa.

Sai dai masassarar tattalin arziki ta shafi kowa, kuma ba kowane fili ne ya rasa rabin fasinjojinsa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙetaren mashigin kogin Severn, a ɓangaren Ingila, inda filin jirgin saman Bristol yake. A 2007 Bristol ya ɗauki fasinjoji kusan miliyan 6, ya tsallake shekarun wahala ba tare da ya yi wata mummunar faɗuwa ba, ya kusa miliyan 9 a 2019, ya kuma haura miliyan 10 a 2024. Abin mamaki shi ne ta fuskar gini Cardiff ya fi shi sa'a: titin saukar Cardiff ya kai kimanin mita 2,350, na Bristol kuwa mita 2,000 ne da 'yan kai, ga shi a kan tudu inda hazo ke yawan sauka. Amma kamfanonin jirage mutane suke ƙirgawa, kuma Bristol yana zaune ne a tsakiyar jama'a, da kudu maso yammacin Ingila a gefe guda, kudancin Wales a ɗaya gefen, alhali Cardiff teku ce a kudancinsa, tsaunuka masu ƙarancin jama'a a arewacinsa. Kamfanin Go ya kafa mazauni a Bristol a 2001, easyJet ya gaje shi da ya saye kamfanin a 2002, Ryanair ya biyo baya a 2007, Jet2 kuma ya shigo a 2021. Da zarar irin waɗannan kamfanoni sun taru a fili guda, gasar da ke tsakaninsu takan karya farashi, karyewar farashi ta jawo ƙarin fasinjoji, ƙarin fasinjoji kuma ya ba su dalilin ƙaro jirage, haka abin ke ta juyawa yana ƙara ƙarfi, filin da ke maƙwabtaka yana kallo.

A ɗauki misalin iyali mai mutum huɗu a birnin Newport, gabas da Cardiff, da ke shirin tafiya hutu Sifaniya. Idan suka duba Cardiff za su iya tarar da jirgi sau biyu ko uku a mako a kan farashi guda. Idan suka duba Bristol sai su tarar da jirgi kowace rana daga kamfanoni biyu ko uku, su zaɓi ranar da ta dace da hutun makarantar yara da kuma tikitin da ya fi sauƙi. In da a ce bambancin fam 30 ne kacal a kan kowane tikiti, fam 120 ke nan ga iyalin, kuɗin da ya isa ya sa maigida ya juya kan mota gabas. Da can akwai kuɗin gada da direba ke biya idan zai shigo Wales ta gadojin Severn, wanda ko ba komai yana shiga lissafin mai zuwa Bristol ya dawo, amma a watan Disambar 2018 aka soke shi. Shi kuwa filin Cardiff ba ya kan babbar hanyar M4, sai an ratse an bi ƙananan hanyoyi kafin a kai gare shi, tashar jirgin ƙasa ta Rhoose da aka buɗe a 2005 ma ba ta manne da zauren fasinjoji, sai an ƙarasa da bas. Mahukuntan Bristol da kansu sukan ce kusan ɗaya cikin biyar na fasinjojinsu daga kudancin Wales suke fitowa ko can suka nufa, wanda ke nufin mutanen yankin da ke tashi ta Bristol sun fi waɗanda ke tashi ta nasu filin yawa nesa ba kusa ba. Mutanen Wales ba su daina hawa jirgi ba, wurin hawa kawai suka canza.

Wannan raguwa tana da illa ta musamman ga fili irin Cardiff saboda yanayin kuɗin da yake kashewa. Ko jirgi biyar ne za su sauka a rana ko hamsin, dole a biya masu kashe gobara da masu ba jirage umarni da masu binciken kaya, a kunna fitilun titi, a gyara kwalta, a cika duk sharuɗɗan hukumar kula da sufurin jiragen sama. Kuɗin shiga kuwa da kan fasinja yake tafiya, wani daga abin da kamfanin jirgi ke biya, wani daga wurin ajiye motoci da hayar kantuna. Ƙa'idojin da Tarayyar Turai ta fitar a 2014 kan tallafin gwamnati ga filayen jirage sun amince cewa filin da bai kai fasinja miliyan ɗaya a shekara ba da wuya ya iya ɗaukar nauyin kansa. Kamfanoni masu arhar tikiti sun san haka sarai, shi ya sa idan suka zauna ciniki da ƙaramin fili sukan nemi ragi mai yawa a kuɗin sauka, wani lokaci har da gudummawar talla, filin kuma ya amince da fatan ya mayar da kuɗinsa daga aljihun fasinja a wurin ajiye mota da kanti.

A lokacin da abubuwa suka taɓarɓare, filin yana hannun kamfanin TBI, wanda shi kuma mallakar Abertis ne na ƙasar Sifaniya. Shugaban gwamnatin Wales na wancan lokaci, Carwyn Jones, ya fito fili a 2012 ya soki yadda ake tafiyar da shi, yana ganin filin na zubar wa Wales mutunci a idon baƙi, kuma a watan Maris na 2013 gwamnatinsa ta saye shi a kan fam miliyan 52. 'Yan adawa sun yi ta ƙorafi a kan farashin, musamman da yake a watan Nuwamban shekarar gwamnatin Scotland ta karɓi filin Prestwick a kan fam ɗaya tak, ko da yake shi Prestwick asara yake tafkawa mai yawa, masu shi kuma neman kai suke da shi. Hujjar gwamnatin Wales ita ce ƙasa mai majalisarta da babban birninta ba za ta zauna ba tare da ƙofar shiga ta sama ba, kuma ni a ganina hujja ce mai nauyi wadda bai kamata a yi mata kallon raini ba. Matsalar ita ce sayen fili yana ba gwamnati iko da gini da ma'aikata, amma ba ya ba ta iko da jadawalin kamfanin jirage ko ɗaya.

Shekarun da suka biyo baya sun ba da ƙwarin gwiwa. Vueling na Sifaniya, wanda ya shigo a 2012, ya ci gaba da jigila, Ryanair ya dawo a 2014, sannan a 2015 aka ƙulla yarjejeniyar shekara goma da Flybe, wanda ya ajiye jirage ƙirar Embraer a Cardiff ya buɗe hanyoyi zuwa birane irin su Paris da Munich da Milan, baya ga na cikin gida zuwa Edinburgh da Belfast. Wannan ya mayar wa filin abin da ya rasa tun tafiyar bmibaby, wato jiragen da ke kwana a gida. Har ma a kakar 2016, lokacin da aka rufe hanyar jirgin ƙasa da ta bi ta ƙarƙashin Severn na makonni shida domin aikin lantarki, Flybe ya buɗe hanya zuwa filin London City, wadda ta ɗan ci gaba bayan an buɗe layin dogon kafin a daina ta, domin tafiyar da jirgin ƙasa ke yi cikin kusan sa'a biyu daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari ba ta bar wa jirgin sama wurin tsayawa ba.

Babban abin alfahari ya zo ranar 1 ga Mayun 2018, lokacin da Qatar Airways ya fara jigila tsakanin Cardiff da Doha da jirgi ƙirar Boeing 787. A nan ne tsawon titin Cardiff ya yi rana, kuma a nan ne aka ga filin ya samu abin da Bristol ba shi da shi, wato hanya zuwa babbar mahaɗa a yankin Gulf, inda fasinja zai sauya jirgi ya wuce Indiya ko Thailand ko Ostareliya. Gwamnatin Wales ta haɗa da yarjejeniyar tallata ƙasar a kasuwannin da kamfanin ke zuwa. Amma a duba nauyin da irin wannan hanya ke ɗora wa ƙaramin yanki. Jirgin yana da kujeru 254, kuma in za a yi zuwa da dawowa kowace rana, kujeru sama da 185,000 ke nan a shekara da ake buƙatar a samo masu zama a kansu, ciki har da kujerun alfarma guda 22 a kowace tafiya, waɗanda su ne ke riƙe da ribar doguwar hanya. Wanda zai sayi irin wannan kujera yakan fi son zaɓin lokuta, kuma Heathrow, inda kamfanin ke tashi sau da dama a rana, tafiyar sa'a biyu da 'yan mintoci ce a mota daga Cardiff ta kan M4. Tun a hunturun farko aka rage yawan tashi a mako. Da annoba ta zo a watan Maris na 2020 aka dakatar da hanyar, kuma da kamfanin ya tashi mayar da jiragensa biranen Birtaniya, ya koma Birmingham a 2023 ya bar Cardiff ana ta tattaunawa.

Galibi akan jingina durƙushewar filin ga korona, amma jerin abubuwan da suka faru ya nuna ginin ya fara tsagewa kafin guguwar ta iso. A watan Afrilun 2019 Flybe, wanda ke fama da matsalar kuɗi, ya sanar da cewa zai rufe mazauninsa na Cardiff a watan Oktoba, shekara huɗu kacal cikin yarjejeniyar shekara goma. A watan Satumba kamfanin shirya tafiye-tafiyen hutu na Thomas Cook ya rushe, ya tafi da nasa kason na fasinjojin bazara. Ranar 5 ga Maris na 2020 Flybe ya daina aiki kwata-kwata, makonni kaɗan kafin a kulle ƙasar. A shekarar fasinjoji ba su kai 250,000 ba, a 2021 kuma suka ƙara raguwa. Gwamnati ta samu kanta a halin gaba kura baya siyaki, ko ta bar kadarar da ta saya ta rushe, ko ta ƙara zuba kuɗi, sai ta zaɓi na biyu: a watan Maris na 2021 ta yafe bashin fam miliyan 42.6 da take bin filin, ta kuma ware masa tallafin da zai iya kaiwa wani fam miliyan 42.6.

Fatan farfaɗowa sai ya koma kan Wizz Air na ƙasar Hungary, wanda ya sanar tun a Disambar 2020 cewa zai kafa mazauni da jirgi ɗaya ƙirar Airbus A321, amma dokokin kulle suka jinkirta shi har zuwa Afrilun 2022. Bazara ɗaya ya yi. A watan Satumba ya dakatar da jiragen mazaunin da alƙawarin dawowa bayan hunturu, a watan Janairun 2023 kuma ya sanar da cewa ya tafi ke nan, yana mai kafa hujja da tsadar gudanarwa da halin tattalin arziki. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, domin sau uku a jere filin yana ɗora begensa a kan kamfani guda mai mazauni, sau uku kamfanin yana tafiya. Abin da ya faru a wani wuri a daidai wannan lokaci ya nuna girman haɗarin: Wizz Air ɗin ya janye yawancin jiragensa daga filin Doncaster Sheffield a arewacin Ingila a tsakiyar 2022, kuma kafin shekarar ta ƙare masu filin, kamfanin Peel, suka rufe shi. Bambancin Cardiff da Doncaster a wannan gaɓa shi ne ɗaya yana da gwamnati a bayansa, ɗayan kuma 'yan kasuwa ne da suka duba littafinsu suka ga kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Akwai wata ƙaramar hanya da ta cancanci a ambata, ko da yake fasinjojinta ba su taka kara sun karya ba. Daga 2007 gwamnati ta riƙa biyan tallafi domin ƙaramin jirgi ya haɗa Cardiff da tsibirin Anglesey a arewa, saboda tafiyar ƙasa tsakanin kudu da arewacin Wales takan ci sa'a huɗu zuwa biyar. Kamfanin farko, Highland Airways, ya durƙushe a 2010, hanyar ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ta faɗa wa Eastern Airways a 2017, aka dakatar da ita lokacin annoba, a watan Yunin 2022 kuma gwamnati ta ce ba za ta sake biya ba, za ta karkatar da kuɗin ga sufurin ƙasa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan tarihi shi ne waɗanda suka zauna, domin su ne ba a cika yi wa biki ba. Kamfanin KLM na ƙasar Holland yana haɗa Cardiff da Amsterdam tun kafin shigowar wannan ƙarni, da matsakaitan jirage masu kujeru ɗari ko ƙasa da haka, kuma sirrin ɗorewarsa a bayyane yake: jirgin ba ya dogara da masu zuwa Amsterdam kaɗai, domin a cikinsa akwai mai wucewa Nairobi da mai wucewa Toronto da mai wucewa Singapore, kowanne ya sayi doguwar tafiya wadda wannan gajeren zango somin-taɓi ne kawai a cikinta. Yankin da ba zai iya cika babban jirgi zuwa gari guda ba zai iya cika ƙarami da masu zuwa garuruwa hamsin. Kamfanin shirya tafiye-tafiyen hutu na TUI shi ma ya zauna, saboda yana sayar da kujera haɗe da masauki da motar ɗauka, ribarsa ba a kan tikiti kaɗai take ba, kuma masu irin wannan tafiya, musamman dattawa da masu ƙananan yara, suna daraja kusanci da rashin cunkoso fiye da ragin 'yan fam. Sai kuma katafaren wurin gyaran jirage na British Airways da aka buɗe a harabar filin a 1993, inda ake kawo manyan jirage a kwance su a duba a mayar, aikin da ke riƙe da ɗaruruwan ƙwararrun ma'aikata ba tare da la'akari da yawan masu tafiya hutu ba. Waɗannan ukun sun yi tarayya a abu guda, kowannensu yana cin moriyar wani abu da Cardiff ke da shi a zahiri, bai zo domin ragin da aka yi masa na 'yan shekaru ba.

Masu kare filin sukan kawo batun harajin da gwamnatin Birtaniya ke karɓa a kan kowane fasinja da ya tashi daga ƙasar, wanda aka fara a 1994, kuma ƙorafinsu yana da tushe. An miƙa wa Scotland ikon wannan haraji a dokar 2016, an ba Ireland ta Arewa iko a kan na dogayen hanyoyi har ta mayar da shi sifiri tun 2013, amma aka hana Wales, duk da cewa kwamitin majalisar dokokin Birtaniya mai kula da harkokin Wales ya ba da shawarar a miƙa shi a 2019. Dalilin da gwamnatin Landan ta dogara da shi shi ne kusancin filayen biyu, wato idan Wales ta rage harajin, Bristol ne zai ji a jikinsa. Wannan amsa da kanta shaida ce cewa hukuma ta ɗauki filayen biyu a matsayin masu cin kasuwa ɗaya. Ko da an miƙa ikon, rage harajin zai fi taimakon doguwar hanya irin ta Doha, inda kuɗin ke da yawa a kan kowane tikiti, fiye da gajerun hanyoyin Turai inda tazarar da ke tsakanin filayen ta samo asali daga yawan jirage.

A 2024 gwamnatin Wales ta fito da sabon shiri na shekara goma, wanda ta tabbatar a 2025 da tallafin da zai kai fam miliyan 205, da nufin bunƙasa gyaran jirage da jigilar kaya, da kuma jawo sababbin hanyoyi zuwa manyan mahaɗu na Turai da Gabas ta Tsakiya da Arewacin Amurka. Filin Bristol, wanda ke hannun masu zuba jari masu zaman kansu, ya garzaya kotun sauraron ƙararrakin gasar kasuwanci a tsakiyar 2025, yana cewa kuɗin jama'a mai yawa haka zai karkatar da kamfanoni da fasinjoji daga inda kasuwa ta kai su. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Idan jirgin da tallafi ya jawo zuwa Cardiff zai cika ne da mutanen da da ma Bristol za su je, to an kashe kuɗin masu biyan haraji wajen matsar da fasinja daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan. Idan kuwa zai kawo baƙi da masu zuba jari da da ba za su taka Wales ba, ko ya ɗauke wa mutanen birnin Swansea da yammacin ƙasar doguwar tafiyar zuwa Heathrow, to akwai abin da aka saya da kuɗin. Ni na fi samun natsuwa da ɓangaren shirin da ya shafi rumfunan gyara da jigilar kaya, domin rumfar gyaran jirgi da ƙwararrun da ke cikinta ba a kwashe su cikin mako shida. Ɓangaren jawo hanyoyi kuwa zai kai gwamnati teburin ciniki da irin kamfanonin da suka zo a 2002 da 2015 da 2018 da 2022, kuma kowannensu zai zauna a teburin yana sane da cewa yarjejeniyar shekara goma da aka yi da Flybe shekara huɗu ta yi, babu kuma abin da filin ya iya yi a kai.